Wa Tasalla Ta Bari a Baya?

Zuwa ga Adawiyya, sanyin idona, ruwan randar da nake tararwa bayan ranar Lome ta gama gasa ni, inuwar da nake nema tun kafin in san sunanta! Ke da in kika shigo tsakar gida hira takan gyara zama, mai murya irin iskar teku da la'asar, wadda ba ta buga ƙofa amma kowa ya san ta iso. Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki, su lulluɓe gidanku, su riga ki isa duk inda ƙafarki ta nufa.

Bayan gaisuwa, ni ne dai Ikrima, wanda kuka ɗora wa riƙon labari, mai bakin da ba ya gajiya ranar Lahadi. Yau bakin ya ƙi, shi ya sa na roƙi alƙalami ya tsaya mini. Lahadi mai zuwa ce zamanmu na ƙarshe, ranar Talata kuma mota za ta ɗauke ki ta bi ta Kwatano ta nufi Kano, ni kuwa akwai amsar da teburi ke jira daga gare ni wadda ba ni da ikon bayarwa sai da izininki.

Kin tuna ranar da kika fara zama da mu? Ƙarƙashin mangwaron gidan su Amadou, bayan la'asar, a kan tsohon teburin ɗinkin babansa. Soumaya ce ta jawo ki, kina gyara mayafi kina kallon ƙarti masu gemu sun kewaye ɗan dutse mai fuska ashirin kamar masu jiran ya yi magana. Na yi miki bayani a gurguje: kowannenku yana da mutum guda a cikin labarin, shi ke faɗin abin da mutuminsa zai yi, ni ke faɗin duniyar, hanyoyinta da kasuwanninta da mugayenta, in abu ya yi wuya a jefa ɗan dutsen, abin da ya nuna shi ne hukunci. Hajiya, mahaifiyar Amadou, tana daga bakin murhu ta ce mu dai in caca ce Allah yana ganinmu. Yau ita ce take tare ni a ƙofa tun ban cire takalmi ba, tana tambaya ko yarinyar nan Tasalla, mutuniyarki a labarin, ta samu garinsu.

Ni ban iya ƙago labari daga iska ba, kin sani. Aikina tono ne. Duk wanda ya kawo sabon mutum teburin nan, tambaya uku nake yi masa: me mutuminka ya ɗauko daga gida, me yake tsoro, wa ya bari a baya? Daga amsoshin nake jan zare har in saƙa abin da zai same ku. Amadou ya ce maƙerinsa ya gudu ya bar maigidansa da gobara a maƙera. Na haɗiye maganar na yi kamar na manta, sai ranar da ayari ya iso gadar da sarƙarta ta tsinke, aka ce mutum ɗaya ne a faɗin ƙasar zai iya gyara ta, aka fito da tsohon maigidan nan, hannunsa guda a ƙone. Amadou ya tashi yana zagaya mangwaro yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin mugu irina ba. Soumaya ta ce mai maganinta ta taɓa ƙin buɗe wa wata mata ƙofa. 'Yar matar nan na miƙa wa tuƙin kwalekwale ranar da kogi ya cika. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma ban taɓa karya ta ba: abin da mai mutum bai ajiye a bayan mutuminsa ba, ba na cusa masa. Gaban labari nawa ne, bayansa naku ne.

Sai ke kika kawo Tasalla. 'Yar fatake, an haife ta a hanya tsakanin zango da zango, uwarta ta rasu ba ta faɗa mata sunan garinsu ba. Me ta ɗauko? Kika ce zanen uwarta, rinin shuni, mai wani ado da marina ɗaya tak ke yin irinsa a duniya. Me take tsoro? Kika ce ta isa garin a ce ba a san uwarta ba. Wa ta bari a baya? Kika ɗago kika dube ni ido cikin ido, kika ce, "Ba kowa. Personne." Har da Faransanci, don kada wata rana in ce ban ji ba.

Wayyo Adawiyya, zanen nan me ban yi da shi ba! Na sa wata tsohuwa mai sayar da shuni ta hango shi, ta tattara kayanta ta bar kasuwa. Na sa ɓarayi suka ɗauke shi, kuka bi sawunsu har cikin fadama. Na sa maƙerin Amadou ya ji rauni a dajin da babu ko ƙyalle, don in ga ko Tasalla za ta yaga abin da ya rage mata na uwa. Kika ce ta yaga. Ranar aka ajiye mini shinkafa da wake na kasa kai loma baki, domin na ga zuciyar da take bayarwa ko da abin shi ke nan gare ta, na kuma san tawa ta tafi ba dawowa. Tsoronta ma na tona. Na kai ku garin da suka tarbe ta da guɗa suna cewa 'yarsu ta dawo, ashe zanen suke so, ba ita ba. Kin ƙi kula ni har mako ya zagayo. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don na san ba a fushi a kan abin da bai taɓa rai ba.

Amma amsa ta uku, ina zan kama ta? Kowa a teburin nan ya sha baƙi daga bayansa, maigida da maƙiyi da ƙanwar da aka yi zaton ta mutu, ban da Tasalla. Amadou yana ta tsokana wai lallaɓa ki nake, Soumaya kuma tana yin murmushin nan nata da ya fi magana ciwo. Ba lallaɓawa ba ce. Magana zarar bunu ce; kin ce ba kowa, ni kuma na riƙe miki amanar kalmarki. Sau nawa ina zaune a rumfata a Dekon, wayar mutane a buɗe a gabana, na ƙera wani mutum a raina! In ba shi suna, in ba shi raƙumi gurgu don ya riƙa isowa zango bayan ayari ya tashi, in sa ya tarar da tokar murhunta da sauran ɗumi. Sai in tuna da idonki ranar nan, in rushe shi, in koma kan wayar da nake gyarawa.

Ba sai an faɗa mini wace ce Tasalla ba, labarin zuciya a tambayi fuska. Kakanki ya gangaro daga arewa da goro, ya yada zango a bakin teku, zangon ya zama gida, gidan ya haifi Baba, Baba ya haife ki. In kina taya shi jiran shagon atamfa a Asigame, 'yar Nijeriya ake ce miki. Ke kuma kin taɓa gaya wa Soumaya, ina ji, cewa tsoronki ki je Kano su ce 'yar Togo, su yi dariyar Hausarki. Don haka da kika sanar da mu kin samu gurbin karatun jinya a can, za ki zauna wurin gwaggonki, na yi miki murna, kuma murnar ta gaskiya ce, Allah ne shaidata. Wane ne ni da zan tsaya tsakanin mutum da asalinsa? Sai dai murna ba ta hana ƙirji nauyi. Tun ranar, unguwarmu Zongo ta yi mini faɗi, ƙarar zem-zem, baburan haya, a kan titi ta zama kamar daga wani gari take zuwa, koko ya rasa tsaminsa, ni da nake tsara wa mutane hanyoyi na rasa inda zan sa tawa ƙafar.

Sannan Lahadin da ta wuce ta zo. Na kawo ku ƙofar garin gaskiya. Na faɗa muku ganuwarsa, da ramukan marina a jere, da shanya a kan igiya mai adon nan sak irin na zanen Tasalla. Aka jefa dutse, masu tsaron ƙofa suka ba da hanya. Kowa ya zuba miki ido yana jira ki ce ta shiga. Ba ki ce ba. Kika sunkuyar da kai kina murza bakin mayafinki, kika ce, "Kafin ta shiga, ta waiwaya. Tana so ta ga ko akwai wanda ya biyo ta."

Ya sanyin idona, kin san abin da kika yi mini? A wasan nan duk wanda ya waiwaya, ni ke faɗin abin da ya gani. Bakina ne idon Tasalla. Na buɗe shi, babu abin da ya fito. In ce akwai, na karya ƙa'idata, na cusa miki mutumin da kika ce babu shi, na kuma yi amfani da kujerata na faɗi a gaban jama'a abin da ya kamata ki fara ji ke kaɗai. In ce babu, na yi ƙaryar da ta fi kowace girma a rayuwata. Ladan ne ya cece ni, aka kira magariba, kowa ya tashi neman buta. Amadou ya ce yau mai baki ya ci tuwo da zafi. Ke ba ki yi dariya ba, kuma na gani.

To ga roƙona, ya muradin raina. Ranar Lahadi, kafin in ɗora daga inda muka tsaya, zan sake yi miki tambaya ta uku, kamar yadda mai riƙon labari yake da damar yi in tafiya ta zo ƙarshe. Wa Tasalla ta bari a baya? Bayan naki ne, ke kaɗai ke da ikon sake shi. Ba sai kin ambaci suna ba. Ki ce akwai, ya ishe ni. In kika ce haka, ranar Litinin da hantsi Kawu Taufiq zai sa babbar rigarsa ya je ya gaida Baba, ya nema mini izini, don ki hau mota da sanin manya cewa akwai mai jira. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, na san na yi nawa kamar raƙumin nan gurgu, amma ga ni na iso tun murhu bai huce ba.

Ba cewa nake ki fasa ba. Ki tafi! Ki shiga garin, ki sha ruwansa, ki nemo unguwar kakanki, ki bar su su yi dariyar Hausarki har su gaji su koma sha'awarta. Ki yi karatunki ki gama. Garin masoyi ba ya nisa, kuma mutumin da ya iya jiran wata da watanni kafin ya fito da tsohon maƙeri guda, zai iya jiran wadda ransa ke hannunta. In kin dawo, teku tana nan, mangwaro yana nan. In kuma can ta riƙe ki, waya tana lalacewa a Kano kamar yadda take lalacewa a Lome, zan tattara kayan aikina in biyo hanya.

In kuwa kika dube ni kika sake cewa ba kowa, wallahi ba zan ɓata miki zaman ƙarshe ba. Zan gyara murya in ba Tasalla hanya mafi kyau da na taɓa faɗa: rana tana gangarawa, sawun ayari ya miƙe har inda ido ya gaza, ba mutum, ba dabba, sai tsuntsaye masu komawa gida. Zan buɗe mata ƙofa, in sa wata tsohuwa ta taɓa zanen ta kira sunan uwarta, Hajiya ta share hawaye da bakin zaninta, kowa ya tashi yana cewa labari ya yi kyau. Babu wanda zai ga komai a fuskata, kuma ba za ki sake jin maganar nan daga bakina ba. Sai dai ina so ki tafi da sanin abu guda: a cikin wasa kaɗai hanyar za ta zama wayam.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki tarar da waɗanda suka san sunan kakanki. Ni ne wanda ya biyo ki tun zangon farko, wanda zai tsaya a inda kika bar shi ko kin waiwaya ko ba ki waiwaya ba, naki muddin rai,

Ikrima