Ƙarfe Uku a Ƙofar Pargeter

Accrington,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Yayata Edna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar? Yaya sanyin bakin teku, da kyanwar nan taki da ba ta san na gode ba?

Na san za ki ce Cyril ba ya ɗaukar biro sai da dalili. Gaskiyarki. Da a ce kunnenki na ji sosai da na kira ki a waya, amma maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce.

Ranar Alhamis ni da Mavis za mu Chester mu kwana ɗaya. Ita ta nema. Shekara hamsin da uku ke nan da muka je can washegarin aurenmu, kuma tana so ta sake zaga ganuwa, ta sha shayi a gidan Pargeter. Na ce to.

Yaya, Mavis ta fara mantuwa. Ba irin tamu ta ina na ajiye tabarau ba. Watan jiya ta ɗora buta a wuta ta shiga lambu, har gindin butar ya ƙone ƙurmus. Na ce mata ni ne. Ta yini tana yi mini faɗa, wai tsufa ya kama ni. Kafin bikin Ista na same ta a tashar bas da silifas, tana jiran motar makarantar da ta bar koyarwa shekara ashirin da suka wuce. Na ce ai ni na ce ta jira ni a wurin. Makullin gida kuwa, sau biyu ina ciro shi daga firiji kafin ta farka.

'Yarmu Lorna abu ɗaya kawai ta gani, ranar Kirsimeti, da uwar ta tambaye ta hanya sau uku. Ta ja ni kicin ta ce, "Baba, in wani abu ya ƙara faruwa ka gaya mini. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni a Leeds, na riga na je na duba." Kin ji fa, ta riga ta je ta duba. Na tambaye ta gado nawa ne a ɗakin, ta ce ɗaya. Daga ranar na ɗinke bakina.

To yanzu ga gari mai cunkoso, ga ni da gwiwar da kika sani. In ta ɓace mini a can, asiri ya tonu, kuma za a raba ni da ita. Na rubuta adireshinmu na cusa a aljihun kwat ɗinta ba ta sani ba. Na kuma maimaita mata dokata ta aikin reluwe, wadda na raini yara da ita: jirgin da ya rasa sigina ba ya yawo, tsayawa yake cik har a same shi. Ta ce, "Na ji, Sarkin Tasha. Shekara hamsin ina jin karatun nan."

Ki sa mu a addu'a. Kada ki faɗa wa Lorna.

Ƙanenki,
Cyril.


Chester,
10 ga Mayu, da safe.

Yaya Edna,

Barka da warhaka, ina fata kin tashi lafiya. Mu ma mun tashi, kuma mu biyu ne, wannan shi zan fara faɗa miki don hankalinki ya kwanta. Sauran labarin ki zauna tukuna, ki zuba shayi. Kakarmu ta ce mai ba da labari da gaggawa ɓarawon kunne ne.

Safiyar jiya ba laifi. Mun hau ganuwa daga wajen babban agogon garin, muka bi a hankali har muka hango kogi. Ina riƙe da hannun rigarta kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo, har ta ce, "Cyril, sake ni mana, ko ka ga na yi kama da mai shirin tsalle?" Mun shiga babban coci, ta nuna mini bencin da muka zauna a wancan zuwan muka ci burodi da cuku a ɓoye. Ni ban tuna ba, ita ta tuna. Da rana muka ci kifi da soyayyen dankali a bakin ruwa. Ta ci nata tas, ta ci rabin nawa, domin ni idona na kanta, ba na kan faranti ba. Na fara cewa a raina wataƙila na tsorata kaina a banza.

Wajen biyu da rabi ta ga shagon ulu. Ni kuma shayin safe ya fara neman hanyar fita, kin san halin maza in sun kai shekaruna. Na duba, na auna, na ce minti goma ba za su kashe kowa ba. Muka yi alkawari: ƙarfe uku, ƙofar Pargeter. Na sa ta maimaita. Ta maimaita tana hararata.

Uku saura biyar ina ƙofar Pargeter, nan bakin titi inda suke jera kek a gilashi. Uku ta buga. Uku da kwata. Babu Mavis.

Yaya, na yi shekara talatin da takwas ina jiran jirage, ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Duk farin kai da ya ɓullo sai gabana ya faɗi, kuma garin nan rabin mutanensa farin kai ne. Zuciya ta ce in ruga shagon ulu. Doka ta ce in na gusa ta zo ba ta same ni ba fa? Sai na tsaya cik. Yarinyar da ke sayar da kek ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya dai?" Kin san abin da ƙanenki ya ce? Na ce, "Lafiya lau, na gode, yau rana ta yi kyau." Matata ta ɓace, ina zancen rana. Ɗan sanda ya wuce ta gabana, na ɗaga masa hula. Irin renon da aka yi mana ke nan: gara ka nutse da ka dami mutane.

Na ciro wayar da Lorna ta saya mini, na kunna, na kira ta Mavis. A kashe. Ni na koya mata kashewa, don kada batir ya ƙare.

Huɗu saura kwata na fara ganin kogi a idona. Na tuna matakalar da ke gangarawa bakin ruwa, na tuna silifas a tashar bas. Na ce wa kaina, Cyril, zaɓi ɗaya: ko ka rufa asiri ka rasa ta gaba ɗaya, ko ka tona a kai ta Leeds tana da rai. Na kira Lorna.

Kin san ba na yarda waya tana kai magana sai na taimaka mata da murya. Nan tsakiyar titi na zazzage komai. Buta, tashar bas, makulli a firiji, ƙaryar da na yi ta yi wa uwarta cewa ni ne. Lorna tana cewa, "Baba, tsaya, tun yaushe?" ina cewa tun kaka. Ban rage ko ɗaya ba.

Ina cikin haka sai wani abu ya faɗo mini a hula. Ƙwallon ulu ne, shuɗi, zarensa ya miƙe sama. Na bi zaren da ido. Kin dai san shagunan Chester, layi a ƙasa, layi a bisa da baranda. Ga Mavis ta jingina da ƙarfen barandar, daidai saman kaina, ɗaya bakin zaren a hannunta.

Ta ce, "Tsoho, a bisa ake shan shayin. A bisa muka sha wancan karon. Tun uku saura goma nake tsaye a ƙofa."

Ashe ba ta manta komai ba. Ta zo kan lokaci, ta zo ƙofar da ta dace, ba ta gan ni ba ta tsaya cik kamar yadda na koya mata. Awa guda jirage biyu suna tsaye, ɗaya a kan ɗaya, kowa na bin doka.

Na ce wa Lorna an gan ta, na kashe. Na hau matakalar nan ina naɗe ulu, kuma tun kafin in kai sama na gane cewa duk wanda ke barandar ya ji abin da na faɗa. Har da ita.

An ba mu tebur kusa da taga. Aka kawo buta, da 'yan burodin nan masu ɗumi da kirim da jam. Ta zuba madara kafin shayi, abin da muka yi rabin ƙarni muna gardama a kai, na ƙyale ta. Ta tura mini kofi ta ce, "Ashe butar nan ni ce."

Na ce buta ce kawai, ta tsufa ma.

Ta ce, "Na yini ina zaginka, ka yi shiru." Ta juya cokali, ta juya. "Cyril, na daɗe ina jin kamar ana kwashe mini kaya a ɗaki ina barci. Duk sanda na zo kamawa sai ka ce kai ne, sai in ce to lafiyata lau. Kaina ne fa. Bai kamata in zama ta ƙarshen sani ba."

Na shafa jam a burodi na kasa kai shi baki.

Lorna za ta zo ranar Lahadi. Ban san da me za ta zo ba.

Naki,
Cyril.


Accrington,
13 ga Mayu.

Yaya Edna,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na san kina ta leƙen mai kawo wasiƙa, shi ya sa ban jinkirta ba.

Lorna ta zo jiya da takardun gidan Leeds a jaka, na hango gefensu. Na shirya jawabi tun Asabar, har na yi gwaji a gaban madubi. Ban samu na buɗe baki ba. Mavis ta zaunar da mu biyun kamar 'yan aji, ta ce ita za ta yi magana tun tana iyawa. Ta ce ranar Laraba za ta ga likita, da ƙafarta. Ta ce a canza mana buta mai kashe kanta. Ta ce duk abin da ta yi a gaya mata a ranar, ko za ta yi kuka. Sannan ta dubi Lorna ta ce, "Ranar da na daina gane tsohon nan, ki zo da takardunki. Kafin nan ki bar ni in ci gaba da fama da shi. In kuma za a tafi, ki nemo mai gado biyu, don in aka bar shi shi kaɗai zai mutu a tsaye a ƙofar da ba ita ba."

Lorna ta yi dariya, ta yi kuka, ta yi mini faɗan da na cancanta. Takardun ba su fito daga jaka ba. Ba ta ce ta yar da su ba, ni ma ban tambaya ba.

Tsoro bai tafi ba, Yaya, kada in yi miki ƙarya. Laraba na nan tafe, kuma ban san me likita zai ce ba. Yau da safe na buɗe firiji na ga makulli kusa da man shanu. Na tsaya da shi a hannu, ƙafata har ta juya za ta kai shi kan ƙusa. Sai na wuce falo na ajiye mata a cinya, da sanyinsa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Na gode." Ta ci gaba da saƙa.

Hula take saƙa mini da shuɗin ulun nan. Ta ce mai haske ta zaɓa, don a riƙa hango ni daga sama.

Ki huta lafiya. Mavis na gaishe ki, kuma ta san na rubuto.

Ƙanenki,
Cyril.