Hannun Lemuel

Litinin, 14 ga Afrilu, 1884
Lemuel ya hau jirgin ƙasa yau. Shi kaɗai ne ɗana, tun yana ƙarami na koya masa ƙira, yanzu wai babbar ƙungiyar birni ta besbol, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda, ta ɗauke shi mai jifa. Namiji har da gashin baki, sana'arsa jifan ƙwallo! Uwarsa, Almira, ita ta raka shi tasha. Ni na ce aiki ya min yawa.

Asabar, 10 ga Mayu
Purdy wanzami ya faɗo maƙera da jarida yana ihu: "Tsoho, ɗanka ya hana abokan karawa taɓa ƙwallo, sun sha kashi!" Na ce ya matsa daga bakin wuta. Ya manta jaridar. Ko sunanmu ba su rubuta daidai ba.

Laraba, 11 ga Yuni
An ce kusan kullum shi ke jifa, babu hutu. Almira ba ta cin abinci.

Juma'a, 20 ga Yuni
Ya dawo. Hannun dama rataye a wuya da ƙyalle. Likita ya ce jijiyar kafaɗa ta tsinke, ƙungiya ta sallame shi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Baba, faɗi abin da za ka faɗa." Na daɗe da tanadin maganar. Sai na ji bakina ya ce, "Shigo, miya na hucewa."

Talata, 15 ga Yuli
Ya gwada guduma, ta suɓuce masa. Na yi kamar ban gani ba. Uwarsa ce ke ɓalle masa maɓallin riga. Ba ya dariya.

Asabar, 13 ga Satumba
Da la'asar muna tsinkar tuffa a bayan gida. Ban san abin da ya kai ni ba, na ce, "Wai da gaske ƙwallo na lanƙwasa a iska, ko ƙaryar 'yan birni ce?" Ya dube ni ya daɗe. Ya ɗauko tuffa, ya jera min yatsuna a kai da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya. "Murɗa wuyan hannu, Baba, ba guduma ba ce." Na jefa, na sami kazar Almira. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Tuffar ba ta lanƙwasa ba. Ya ce gobe bayan coci mu sake. Ban ce a'a ba.