Minti Arba'in da Biyar a Ajin Mushe Mahamudu

Illela, 5 ga Maris 1989

Zuwa ga matata Mariama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da su Baba da dukan mutanen gidanku na Ƙonni. Yaya wankan jego? Ni lafiya lau, sai zafi.

An sa rana. Talata sha huɗu ga wata ansipektan makarantu zai zo daga Tawa ya ga koyarwata. In na ci, an tabbatar da ni mushe, wato cikakken malamin makaranta. In na faɗi sai baɗi, kuma kin san sau biyu ina faɗuwa. Darasin da anka ba ni shi ne subjonctif, wato yadda ake juya aikatau a Faransanci in za a faɗi buri ko abin da ya zama tilas. Kullum muna kai da 'yan aji shida. A ɗauko "ils finissent", a yanke -ent, a liƙa -e, -es, -e, -ions, -iez, -ent. Wannan sun iya. Masu taurin kan ne ke kayar da su: que je sois, que j'aille, que je sache.

Ƙanena Illo ya biyo shekaranjiya da kamyonsa, babbar motar nan ta ɗaukar siminti. Ya iske ni ina yi wa bango darasi, ya yi ta dariya. Ya bar miki turmin atamfa.

Naki,
Mahamudu

Illela, 17 ga Maris

Mariama,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Saƙon ta'aziyyarki ya iso. Allah ya ba da lada.

Kin ji cewa taya ta fashe wa Illo kusa da Tsarnawa da asubar Talata, Allah ya yi masa rasuwa. Ga abin da ba ki ji ba. Ƙarfe takwas saura, yara na kan layi, abokinsa Lurwanu ya iso makarantarmu da mota don ya kai ni Malbaza, domin za a yi jana'iza kafin azahar. Ansipekta ya riga ya zauna a bayan aji. Direktanmu Alhasan ya riƙe hannuna ya ce, "Tafi, ni zan yi masa bayani." Na ce wa Lurwanu ya yi gaba, ina biye. Babu wanda ya tilasta ni.

Na shiga na rubuta kwanan wata. Na ce kowa ya ba ni jimla da "il faut que". Wata yarinya, Tsahara, ta ce "il faut que tu viennes", wato "tilas ne ka zo", na ce daidai, na rubuta a allo. Minti arba'in da biyar cif. Daga nan tambayoyi a ofishin direkta har sha biyu. Ansipekta ya ce bai taɓa ganin malami mai natsuwa kamata ba, ya ba ni sha shida bisa ashirin.

Ban samu mota ba sai la'asar. Na iske an dawo daga maƙabarta tuntuni, har an share tsakar gida. Na zauna kan tabarma ina amsa gaisuwa. Ina cin abinci, ina barci. Ina ta jiran kuka, bai zo ba.

Naki,
Mahamudu

Illela, 2 ga Afrilu

Mariama,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jaririya, ta daina kukan cikin?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarata ta farko da riƙe alli, a Malbaza, Illo na cikin ajina. Wannan darasin ne. Ya ce "que je sais" maimakon "que je sache", sau uku. Don kada a ce ina ɗaga wa ɗan'uwana ƙafa, na yi masa bulala goma gaban aji. Washegari bai zo ba. Ya shiga tasha, daga nan sai tuƙi. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka.

Jiya na koma Malbaza wurin mahaifiyarmu Inna Kulu. Dangi duk sun ɗauka rashin mota ne ya hana ni jana'iza, Lurwanu kuma ya rufa mini asiri. Na iske ta tana ɓarar wake a inuwar rumbu. Na zauna na gaya mata komi, yadda na gaya miki. Na so ta zage ni. Ta watsa wake a ƙwarya, ta ce, "To, ka ci?" Na ce na ci, Inna. Ta ce, "Madalla." Ta turo mini ƙwaryar, munka ci gaba da ɓara har anka kira la'asar.

Ki gaya wa Baba ina zuwa ran Asabar in ɗauke ku. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Mahamudu