Kwanon Inna

Zurmi, 4 ga Afrilu, 2000

Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Fauziyya da yara, da fatan kuna lafiya, da fama da hanyar Ƙaura. Mu ma lafiya, sai jikin Inna.

Tarin nan ya ƙi tafiya. Daga ɗaki zuwa randa sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango. Na kai ta asibiti, likita ya ce hanyoyin numfashinta ne suka ƙuntace, irin ciwon da ya fi kama masu shan taba. Kaicona da na fara da wannan a gaban Gwaggo Tambari! Ta ce a zamanin Shari'a ba za a yi wa matar ƙanenta wannan ƙazafin ba. Ba ta bari na ƙarasa ba, cewa hayaƙin icen da Inna ta shekara talatin tana toya masa da shi ya isa ya yi ɓarnar.

Gwaggo ta ce tarin fuka ne. Ta ware wa Inna kwano da moɗa, ta hana jikoki shiga ɗakinta. Tun ranar, tuwon Inna yana dawowa yadda aka kai shi. Yaya, tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Rahina

Zurmi, 13 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga abin da ya faru. Ka yi haƙuri da rubutun.

Gwaggo ta sa an kawo saiwoyi daga kasuwar Shinkafi. Jiya da hantsi na dawo daga awon hatsi, na tarar ta zuba su a kasko, ta lulluɓe Inna da bargo a kai, wai hayaƙin zai nuƙa tarin ya fito. Da na yaye bargon, leɓɓan Inna sun yi baƙi, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na sheƙa wa kaskon ruwa. Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba sai jiya.

Maganin shaƙar da likita ya ba Inna kuwa, a ƙarƙashin katifa na same shi, ko buɗe shi ba a yi ba. An gaya mata wanda ya fara shi ba ya dainawa sai kabari.

Ka zo da motarka mu kai Inna asibiti. 'Yan kabu-kabu masu babur sun daina ɗaukar mata saboda Shari'a, ita kuma ko tasha ba za ta kai da ƙafa ba.

Rahina

Zurmi, 25 ga Afrilu

Yaya Shu'aibu,

Ina fatan ka koma lafiya. Allah Ya saka da alheri da ka haɗa har Gwaggo zuwa asibitin Ƙaura. Tunda ta ji da kunnenta gwajin kaki ya nuna ba tarin fuka ba ne, kuma ba a ɗauka, ta daina wannan maganar. Da hannunta ta mayar da kwanon Inna cikin sauran. Inna tana shaƙar maganin, jikoki sun koma hawa jikinta, har na ji dariyarta.

Amma likita ya ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, kuma kada ta ƙara kusantar murhu. Wannan Inna ba ta ji shi ba, ko ta ƙi ji. Abin da ta riƙe shi ne hannunta ba ya cutar da kowa.

Yau da safe na neme ta a ɗaki babu. Na iske ta durƙushe a madafa, ta jiƙa ƙullu tun jiya ban sani ba, tana hura wuta za ta yi wa jikokinta masa. Iskar bakinta ba ta ko motsa tokar ba. Ta ɗago tana murmushi, hayaƙi ya rufe ta, ta ce in matso in hura mata.

Yaya, na kashe wa Gwaggo kasko. Wannan wutar ban san yadda zan kashe ta ba. Ka zo.

Ƙanwarka,
Rahina