Boris Biyar na Dzarma

Litinin, 3 Nuwamba 2014
Susanna, matar marigayi Dzarma, za ta koma Biu wajen danginta. Ta aiko in je in ɗauki wani akwati. Na san abin da ke ciki, shi ya sa nake jan ƙafa.

Laraba, 5 Nuwamba
Na ɗauko. Ƙwayoyin boris ne, mulmulallun ƙarfe guda biyar na babbar mota, rataye da zare a jikin katako. Tare da Dzarma muka haɗa su a 1998, muna sababbin malaman Fiziks. Ka ɗaga ta farko ka saki, ta bugi 'yan uwanta ta tsaya cak, ta ƙarshe ta tashi kusan daidai tsayin da ka ɗaga. Dzarma yakan ce wa yara, "Ba abin da ya ɓace, hannu kawai ya canza." Ina kewarsa wallahi, har da ƙaryarsa ta cewa shi ya ɗaura zaren.

Tun da aka harbe shi a ƙofar aji na rantse na bar alli. A unguwa mai sayar da gawayi aka san ni, hakan ya fi tsawon rai tunda malaman boko ake farauta.

Alhamis, 6 Nuwamba
Jiya ban rubuta duka ba. A shingen shiga unguwarmu Ajilari 'yan gora, matasan sa-kai masu tsaro, suka buɗe akwatin. Boris, abin da ake cusa wa bam. Wautata ta kai ban tuna ba. Suka zaunar da ni a ƙasa. Babbansu, wani Ajimi, ya ce, "Baba, ka ce gawayi kake sayarwa. Wannan fa?" Ko in faɗi ni malami ne a bainar jama'a, ko a miƙa ni bariki.

Na ɗaga ɗaya na saki. Ƙas, ƙas. Ya ce in ɗaga biyu, biyu suka tashi. Sai ya ce, "To me ya hana ɗaya ta tashi da gudu ninki biyu?"

Shekara goma sha shida ina jiran ɗalibi ya yi min tambayar nan. Na ɗauki tsinke na zana a ƙasa: nauyi sau gudu zai daidaita, amma kuzarin sai ya ninka, a ina za ta samo ƙarin? Sai da masu keke napep suka dame mu da hon na ankara.

Asabar, 8 Nuwamba
Maƙwabciyata Agnes ta gaishe ni da "Malam". Kowa ya ji ke nan. Ina tsoro.

Litinin, 10 Nuwamba
Ajimi ya zo har gida, wai zancen kuzarin nan bai shige shi ba. Na ce masa na yi rantsuwa. Ya zauna abinsa.

A kan alli na rantse dai. Gawayi kuwa yana kama bango sosai.