Wa Zai Taya Ɗakin Zama

Ɗa'if, farkon Shawwal

Zuwa ga yayata Jawahir, uwar Darwish, a gidanmu na unguwar Shamiyya, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an yi sallah lafiya, ina gaida ɗanmu Darwish da matarsa Wahiba, wadda na san ita ke karanta miki wannan takarda. Wahiba, ki karanta duka, kada ki tsallake inda zai ɓata mata rai.

Na ba Bakur direba kwandon rumman da kwalbar ruwan wardi. In kwandon ya iso da giɓi, kin san inda ya shiga.

Yaya, maganar bara ce zan sake yi, tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Jiya wani tsoho mutumin Jawa ya zauna kusa da ni a masallaci. Makonni ya yi a teku yana amai kafin ya ga Jidda. Ya tambaye ni ko mu mutanen Makka kowace shekara muke hajji. Na ce wasunmu. Kunya ta hana ni gaya masa ina da yaya wadda take jin kiran sallar Harami daga gaban murhunta, ta ciyar da alhazan da ba sa ƙirguwa, ta yi musu jiƙon mura, amma ƙafarta ba ta taɓa taka Arfa ba.

Da kina gidan Baba, kika ce sai an yi aure. Da aka yi, kika ce wa zai yi wa alhazan da mijinki yake wa jagora girki. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, kika ce sai Darwish ya iya jagorar baƙi. Yanzu Darwish furfura ta fara fito masa.

Lokacin da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya gama ɗaga ginin Ɗakin Allah shi da ɗansa Isma'ila, aka umarce shi ya kira mutane. Ya ce, ya Ubangiji, ina muryata za ta kai? Aka ce masa ya yi kiran, isarwa ba tasa ba ce. Kiran nan ya ƙetare teku ya kai Jawa, amma har yau bai iya hawa tudun Shamiyya ba.

Bana, Yaya. Allah ya ja kwana.

Ƙaninki,
Siraj

Makka, tsakiyar Shawwal

Zuwa ga Siraj, autan Umma, wanda ɗalibai suke ce wa Shehi.

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, da fatan iskar dutse ta sassauta maka tarin nan. Rumman ya iso. Bakur ya rantse gargadar hanya ce ta cinye na saman.

Na ji wa'azi, Allah ya saka. Ni da na share maka majina, yau ni kake karanta wa Annabi Ibrahim. To ga nawa karatun, wanda na ɗauka a bakin Umma. Wahiba, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini.

Da Annabi Ibrahim ya kawo Nana Hajara da jaririnta kwarin nan, ajiye su ya yi ya juya. Umarnin Allah ne, ban ce komai ba. Amma wa ya zauna? Wa ya yi ta gudu tsakanin Safa da Marwa har ruwa ya ɓulɓulo? Mutanen Jurhum da suka hango tsuntsaye suna shawagi suka biyo sawu, wurin wa suka roƙi izinin sauka? Ku maza ku zo, ku gina, ku yi kira, ku tafi. Mu mata mu zauna. Tun farko haka aka raba aikin.

Kai rabonka da ganin Harami ranar Arfa tun kana riƙe da gefen mayafin Umma. Gari ya watse, maza duk sun bi alhazai, sai mu fito da tabarmi da yara da abin buɗa-baki. Babu mai ture ka, babu mai taka ka. In shiga Hijir Isma'ila, shingen nan da ke jikin Ɗakin Allah, in miƙe ƙafa, in dafa Ɗakin da tafin hannuna, in daɗe yadda na ga dama. Ranar Hulaif ke nan, ranar waɗanda aka bari, ni kuwa ban taɓa jin an bar ni ba.

Hajji kuma badi, in Allah ya kai mu. Ka riƙa rufe ƙirjinka da safe. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Jawahir

Kawu, Wahiba ce, ba ta san na ƙara wannan ba. Ƙafafunta sun kumbura tun cikin azumi, hawa bene ma sai ta yi ta hutawa. Likita ya duba ta ya ce zuciya ce. Ya ja Darwish gefe ya ce in akwai abin da take son yi, a yi shi bana. Darwish ya yi mata maganar hajji, ta kore shi da mafici. Don Allah kada ka gaji. Wanda take ja-in-ja da shi kaɗai take saurara.

Ɗa'if, ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Yaya Jawahir, malamar da ba a ja da ita.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa, tare da inabi, wanda na ɗaure bakin kwandonsa da kaina.

Karatunki ya yi, amma kin tsaya a tsakiya. Gudun nan na Nana Hajara, ai Allah bai bar shi a gida ba, cikin hajjin ya sa shi, sarki da bawa kowa sai ya bi sawunta. Masu tarihi kuma suna cewa a filin Arfa Annabi Adamu ya sake haɗuwa da Nana Hauwa'u bayan an sauko da su duniya. In haka ne, mace ta riga kowane alhaji tsayawa a can. Ba a raba aikin yadda kika raba ba.

Amma bari in ajiye littafi. Ban yarda da badi ba, Yaya, tsoro nake ji. Duk waɗanda suka san ni kafin in ɗaura rawani sun tafi, ke kaɗai kika rage. Ba na son ranar da zan je in yi miki hajji a madadinki, ina tsaye a Arfa ina faɗin sunanki ke kina kwance a maƙabartar Ma'ala. Na fi son ki je da ƙafarki, ki dawo ki ce mini tantin ya yi zafi kuma shinkafar ta caɓe.

Ba girki ne ya riƙe ki ba, don Wahiba ta fi ki hannu yanzu, ki yi haƙuri. Ba Nana Hajara ba ce kuma. Ki gaya mini mene ne.

Allah ya ƙara lafiya.

Siraj

Makka, farkon Zulƙida

Siraj,

Wa alaikumus salam. Wahiba ta fi ni hannu? Za mu haɗu. Kuma na san ta yi maka tsegumi a gindin waccan takardar, don na yi shiru alƙalaminta bai daina ƙara ba. Ga ta nan tana sunkuyar da kai. Rubuta, 'yar nema.

Tunda ka tambaya, to ji. Ka tuna labarin da Umma take ba mu, cewa bayan ruwan ɗufana na Annabi Nuhu babu abin da ya rage a wurin Ɗakin sai wani jan tudu? Ambaliya ta zo ta bi ta damansa da hagunsa ta wuce. Zamani bayan zamani, babu mai yi masa sallama, har Allah ya kawo Nana Hajara ta zauna a gefensa. Kai barci kake yi kafin a zo nan. Ita kuwa duk ta zo nan sai muryarta ta karye.

Shekarar da za ta rasu kana Masar wurin karatu. Ranar Hulaif na riƙe ta har cikin Hijir, muka zauna. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "Jawahir, Ɗakin nan ya taɓa zama shi kaɗai, ya isa haka. Kada ranar nan ta zo babu ɗan gidanmu a gefensa." Na ce to.

Na san abin da za ka ce. Ɗakin Allah ba ya kaɗaici, mala'iku ba sa barinsa, ga kuma sauran matan gari. Duk na sani. Amma ni na ce to, alƙawari kuwa kaya ne. Ban haifi mace ba. Wahiba ita ke kula da alhazai mata a Arfa, in ta zauna aikin Darwish ya tsaya. Wa zan sauke wa?

Ina son Arfa, Siraj. Kowace shekara in motoci suka tashi alhazai suna labbaika, ɗaki nake shigewa don kada a ga fuskata. Ka ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, sai ka bar ni in huta.

Allah ya tsare.

Yayarka

Ɗa'if, tsakiyar Zulƙida

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Ina da fatawa a kan wannan, amma ba zan ba ki ita ba, don ba ita kike nema ba.

Mu biyu Umma ta haifa. Ki sa a ɗinka miki kayan tafiya. Ni zan zauna.

Siraj

Makka, ƙarshen Zulƙida

Zuwa ga autan Umma,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya har sai da Wahiba ta kawo mini ruwa. Ka manta abin da matan Shamiyya suke yi wa namijin da ya maƙale a gari ranar Arfa? Su sa rigunan mazansu, su manna gemun auduga, su fito da ganguna suna farautarsa lungu-lungu. Wani mai burodi da ake kira Sadaƙa sau ɗaya suka kama shi, har ya mutu yara suna ce masa amarya. Kai Shehi guda, da ko atishawa ba ka yi sai ka gyara rawani?

Bayan na gama dariyar kuma na yi wani abin, wanda ba sai an rubuta ba.

In da gaske kake, wurinmu yana cikin Hijir, daura da indararo, inda inuwa take fara sauka bayan la'asar. Ka tafi da dabino da ma'amul, cincin ɗin nan mai zaƙi da zan bari a kwano mai murfi, na raba wa yara ne, ba naka ba. In ka isa ka yi masa sallama da murya, yadda Umma take yi. Kada ka tafi da littafi. Zama aka ce.

Darwish ya samo mini kujerar da za a ɗauke ni in ƙafa ta ƙi. An ɗinka kayan. Allah ya yi maka albarka, ya sa 'ya'yan wasu su yi maka abin da ka yi mini.

Jawahir

Makka, yammacin Arfa

Zuwa ga Yaya, ta hannun Bakur, wanda zai kai ƙanƙara Mina.

Assalamu alaikum. Sun kama ni.

Na fito da hantsi ina bin jikin bango, ban kai kasuwar Suwaiƙa ba na ji an ce, "Jama'a, ga wani an manta da shi!" Kafin in juya sun kewaye ni. Ƙawarki Fattu ce a gaba, da rigar mijinta da gemu har ciki.

Ta ce, "Shehi, lafiya? Jakin ne ya ƙi tashi, ko haramin ne bai bushe ba?"

Wata ta ce, "Ku bar shi, ma'amul ya tsaya toyawa, ga kwanon a hannunsa!"

Suka cire mini rawani suka yafa mini mayafi, ganga tana tashi. Takalmina ɗaya har yanzu ban san inda yake ba. Da na samu numfashi na ce, "Jawahir ce ta aiko ni. Na zo zama a wurinta."

Gangar ta tsaya. Fattu ta ce, "Ta tafi?" Na ce ta tafi. Ta cire gemun ta share ido da shi, sannan ta rangaɗa guɗar da tantabarun unguwar duka suka tashi. Su suka raka ni har Hijir, suka shimfiɗa mini tabarma a wurinki, suka ja baya. Rawanin dai ba su mayar ba, kuma sunana yanzu Sitti Siraj, wato Uwargida Siraj.

Na yi sallamar da murya. Na gaya masa kin tafi amsa kiran da aka yi daga gefensa. Na dafa shi da tafin hannuna, sai na ji ƙamshin mayafin Umma kamar tana bayana, na yi kuka a gaban matan Shamiyya duka. Ban tashi ba sai da aka sha ruwa.

Ki gaya mini kin tsaya. Allah ya karɓa.

Siraj

Mina, ranar sallah

Sitti Siraj,

Wa alaikumus salam. Na tsaya, da ƙafata, kujerar Darwish ta yi zaman banza. Tantin ya yi zafi, shinkafar kuma ta caɓe.

Da safe hankalina yana gida, ina ta cewa na bar shi. Sai aka kira sallah. Na ga filin nan duka, iyakar ganina, mutanen Jawa da na Masar da na ƙasashen da ban san sunansu ba, sun miƙe sun juya fuska wuri guda. Na tambayi Wahiba ina suke kallo, alhali na sani. Ashe duk shekarun nan da nake zaune ina taya shi kaɗaici, ranar ce aka fi kallonsa. Na ɗaga hannu ni ma, na san a ƙarshen inda nake duba akwai Ɗakin, a gindinsa kuma akwai ƙanena da takalmi ɗaya.

Na yi wa Umma addu'a, na gaya mata ba a saɓa ba. Ka riƙe wurin da kyau, Siraj. Badi ma naka ne.

Yayarka,
Jawahir