Umma Ba Ta Faɗa Musu Ciwonta

Dagenham, London

Zuwa ga kakata Hajiya Awabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Abba yana gaishe ki, jaririnmu Fa'iz kuma yana shan madara sosai. Don Allah Anti Fulera ce za ta karanta miki wannan takarda, ba Kawu ba, domin maganar mata ce, ni ma da kunya nake rubuta ta.

Hajiya, abin da aka faɗa miki a waya ba shi ne duka ba. Umma tana asibiti kwana tara ke nan. Bayan an sallame ta daga haihuwa, ƙafarta ta hagu ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Da ungozoma ta zo duba ta a gida, sai Umma ta tashi zaune, ta ɗaura ɗankwali, ta sa na kawo wa baƙuwa shayi, ta ce lafiyarta lau. Matar ta duba ƙafar ta ce ba ta ga ja ba, gajiya ce kawai. Ina ja zai fito a baƙar fatar Umma? Ni na san ta yi kuka a banɗaki da safen nan, amma na kasa ƙaryata mahaifiyata a gaban baƙuwa. Washegari Abba ya buga waya asibiti, suka ce Umma ta sha maganin ciwon jiki ta huta. Ana gobe suna ta faɗi a kicin. Jini ne ya daskare a ƙafar ya tafi huhu. Haka aka raɗa wa Fa'iz suna babu ita.

Wata likita 'yar Ghana, Dakta Adiza, ta gaya mana cewa a ƙasar nan baƙaƙen mata sun fi Turawa mutuwa bayan haihuwa, fiye da ninki biyu. Ta ce wasu ma'aikatan gani suke mu ba ma jin zafi kamar kowa, ko mun yi magana ba a saurin ɗauka, balle mun yi shiru. Na gani da idona. Baturiyar da ke gadon kusa tana danna ƙararrawa sau goma, ana zuwa. Umma ba ta taɓa tata ba.

Na ji ki kina yaba mata a waya, cewa haihuwa huɗu ba wanda ya taɓa jin muryarta. Ta ji daɗin maganar ƙwarai, kuma ita take riƙe da ita. Ranar Litinin likitoci za su yanke ko su sallame ta. Ƙirjinta yana ciwo har yanzu, ina ganin yadda take damƙe zanin gado, amma in sun tambaya sai ta ce da sauƙi. Hajiya, maganarki kaɗai take ji. Ki kira ta kafin Litinin ki ce ta faɗi gaskiyar ciwonta, ba abin kunya ba ne. Idan ba ta faɗa ba ni zan faɗa a gabanta, ko da za ta yi fushi da ni. Ina roƙon ki tsaya mini ranar.

Ki gaida Kawu Zulkiflu da Anti Fulera da su Jabir. A sa Umma a addu'a.

Jikarki,
Badariyya Lawal